Inuwar Mashaya

A watan Yulin da na yi a Munik, babban birnin jihar Bavariya ta ƙasar Jamus, mai masaukina ya gayyace ni in ga inda ƙaninsa yake aiki. Sai da muka isa na gane ƙaramar masana'antar giya ce, irin waɗanda ke dafa kaɗan-kaɗan su sayar a ɗakin da ke jikin tukwanensu, ga fili a baya da dogayen bencina a ƙarƙashin itatuwa. Na ja na tsaya a bakin ƙofa. Ni Musulmi ne, ban taɓa kai barasa bakina ba, kuma babu wanda ya ce sai na sha. Wata tambaya ce ta riƙe mini ƙafa: ko mutum zai iya girmama gwanintar da aka zuba a cikin abin da ya yi imani haramun ne, ba tare da ya ci amanar imaninsa ba?

Kunyar mai masauki ta shigar da ni. Ƙanin nasa ya zagaya da mu yana bayani kamar manomi a gonarsa. Ana jiƙa sha'ir har ya tsiro, a busar, a ɓarza, a dama da ruwan zafi don zaƙinsa ya fito, a tafasa da furen wani tsiro mai ɗaci da ake kira hops, sannan a zuba yis a bar shi ya yi aikinsa. Na tuna cewa masu dafa burkutu a ƙasarmu ma da jiƙa dawa har ta tsiro suke farawa. Ya ambaci dokar 1516, wadda ta kayyade wa masu dafa giya a Bavariya abu uku kawai: ruwa da sha'ir da wannan fure. Yana magana yana goge bakin wani bututu da ya riga ya goge.

Filin bayan ma da tarihinsa. A da an hana dafa giya a watannin zafi, sai masu sana'ar suka haƙa rumbuna a ƙarƙashin ƙasa, suka dasa itatuwa masu faɗin ganye a kai don sanyi ya zauna. Jama'a suka fara taruwa a inuwar. A 1812 Sarki Maximilian na Ɗaya ya yarda a sayar da giya a wurin, amma ban da abinci in ba burodi ba, shi ya sa har yau mutane ke zuwa da ƙunshin abincinsu daga gida. Na ga tsohuwa ta shimfiɗa ƙyalle a kan tebur tana yanka wa jikokinta cuku, baƙo na zaune kusa da baƙo ba a tambayi kowa ko ɗan wane ne ba. Ba zan yi ƙarya ba, wurin ya ba ni sha'awa, kuma sha'awar ce ta tsorata ni.

Malamanmu sun hana zama a teburin da ake zagaya barasa, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce. Zama wani nau'in yarda ne, ido kuwa in ya saba da abu, zuciya takan daina jin nauyinsa. Na so in kare kaina da misalin maƙeri: ai muna yabon wanda ya ƙera wuƙa mai kaifi, ko da wani zai yi ta'asa da ita. Misalin bai tsaya ba. Wuƙa tana yanka albasa, giya kuwa a wurina ba ta da wata fuska ta halal.

Sai na sake lale. Na ce abin da ya burge ni haƙurin mutumin ne, da tsabtarsa, da ƙin yin algus a abin da yake sayarwa, kuma waɗannan halayensa ne, ba na abin da ke cikin tukunya ba. Wannan ya fi kusa da gaskiya, amma shi ma da saura, domin ɓarawo ma yana da haƙuri, ba mu kuwa taɓa yaba masa ba. Bambancin da na iya samu shi ne ɓarawo ya san cuta yake yi, wannan kuwa yana aiki ne da zuciya ɗaya, a kan abin da ya gada yana ganin mutunci ne. Ina iya ganin kuskure a sana'arsa ban ga mugunta a niyyarsa ba. Ko wannan ya isa ya halatta mini benci? Ban yi tsammani ba. Ya dai hana ni raina shi, wanda da farko shi ne abin da ya fi mini sauƙi.

Na faɗa wa mai masaukina gaskiya, cewa na gode da zagayen amma ba zan zauna ba. Fuskarsa ta ɗan canza, na san na taɓa shi, domin mafi kyawun abin da danginsa suka mallaka ya nuna mini. Ya shiga ya sayo mana ruwan tufa kwalba biyu, muka fita muka zauna a bakin kogin Isar. Bai sake ta da zancen ba, ni ma haka. Ƙarfe tara ta wuce rana ba ta gama faɗuwa ba, ya tambaye ni saura minti nawa in yi sallah.