WANDA ARADU TA FAƊA WA, MAI LAIFI NE?



Ranar Talatar da ta wuce na sallaci gawar wani matashi da bai cika shekara 20 ba. Ya je gona shuka, hadari ya taso da la'asar, ya ruga gindin wata tsamiya ya fake, aradu ta faɗa. Ba a gama binne shi ba na fara jin raɗe-raɗi a bayana: "Anya kuwa bai taɓa rantsuwa a kan ƙarya ba?" Wani ya ce ai aradu ba ta faɗa wa mutum haka kawai. Da dare mahaifinsa ya same ni a ƙofar masallaci, dattijo ne da ya haife ni, ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, don Allah gaya mini gaskiya, da fushin Allah yaron nan ya tafi?"

Tambayarsa ce ta sa ni wannan rubutu, domin na san ba shi kaɗai take ci ba.

Mu fara da yadda abin yake faruwa. Daga Maris zuwa Mayu, a filayen da suka shimfiɗu daga Sakkwato da Katsina zuwa Maraɗi da Damagaram har Borno, zafi yakan haura digiri 40. Ƙasa ta gasu, iskar da ke kanta ta yi zafi. Sai iska mai laima ta fara shigowa daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma. Zafin ƙasa ya cilla wannan laima sama, girgije ya tashi ya yi tsayin da kan wuce kilomita 12. Can sama akwai tsananin sanyi, ƙanƙara tana gogayya da ƙanƙara, wutar lantarki ta taru har ta nemi hanyar sauka. Shi ya sa hadarin farkon damina, wanda ke biyo bayan zafin bazara, yake zuwa da ƙarfi. Yakan taso daga gabas, iska da ƙura suna gabansa suna yaye kwanon gidaje.

Ita kuma wutar idan za ta sauka, galibi abin da ya fi tsayi a wurin take samu. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce. A tsakiyar gona, abin da ya fi tsayi shi ne bishiya ɗaya tilo, in babu ita kuma, mutumin da ke tsaye. Ka ga ke nan manomi da makiyayi da mai tallar nono su ne a bakin haɗari. Wanda ya wawure dukiyar jama'a yana cikin bene, da ƙarfen kare tsawa a saman gidansa. In da aradu kotu ce, ashe talakawa kaɗai take yanke wa hukunci?

Wani zai ce, to Malam, Adawa fa da aka halaka da iska, da Samudawa da tsawa ta kama? Gaskiya ne, kuma mun yi imani da hakan. Amma ta yaya muka san azaba ce? Wahayi ne ya gaya mana. Wahayi kuwa ya yanke. Wa ya gaya maka dalilin mutuwar ɗan maƙwabcinka?

A shekara ta 10 bayan hijira, ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu, rana ta yi husufi. Mutane suka danganta husufin da rasuwar. Magana ce da a zahiri take ɗaukaka shi, amma bai bar ta ta wuce ba, ya gyara musu fahimta, ya kuma umarce su da salla da addu'a. Idan an hana mu fassara abin da ke faruwa a sama don mu yabi mutum, ina ga fassara shi don mu ɓata mamaci?

Ku duba kuma waɗanda irin waɗannan musibu suka ɗauka. Annobar Amwas a zamanin Sayyidina Umar ta ɗauki Abu Ubaida bn Jarrah da Mu'azu bn Jabal, Allah ya ƙara musu yarda. Ranar 11 ga Satumba 2015 iska mai ƙarfi da ruwan sama suka kayar da ƙugiyar gini a cikin Masallacin Harami, sama da mutum 100 suka rasu. A hajjin 2024 zafi ya yi tsanani, mahajjata sama da 1,300 suka rasu. Wa zai iya buɗe baki ya ce waɗannan rantsuwar ƙarya suka yi?

Ni a ganina wannan zato ya samo asali ne daga al'adarmu ta rantsuwa da kwarankwatsa. Mutum ya ce "kwarankwatsa dubu", wato ta faɗa masa in ƙarya yake yi. Da muka saba jin haka, sai muka juya maganar: duk wanda ta faɗa wa, maƙaryaci ne. Rantsuwar kanta ba ta halatta ba, don ba a rantsuwa da wanin Allah. Hukuncin da muka gina a kanta kuwa ƙazafi ne ga wanda ba zai iya kare kansa ba, ga uwa tana ji, ga ƙanne da za su tashi ana nuna su.

Ban ce kada tsawa ta tsorata ka ba fa. Ta tsorata ka, ka tuna zunubinka, ka yi istigfari. Wa'azin da ke cikinta naka ne, kai da ka ji ta kana raye. Kuskuren shi ne ka ɗauki wa'azin da aka yi maka ka mayar da shi tuhuma a kan wani.

Akwai kuskure na biyu, kuma ya fi yawa a cikin masu zuwa masallaci: "Kwana ne ya ƙare, ko yana ɗaka sai ta same shi." Ajali gaskiya ne, babu mai ja. Amma shari'ar da ta koya mana ƙaddara ita ce ta ce a jinkirta Azahar idan zafi ya tsananta har gari ya ɗan yi sanyi. Ita ce ta yarda ladani ya sanar da mutane su yi salla a gidajensu a daren ruwa da sanyi. A mazhabarmu ta Malikiyya ana haɗa Magariba da Isha'i a masallaci saboda ruwa. Sayyidina Umar ma da ya ji labarin annoba a Sham, juyawa ya yi da jama'arsa. Idan ana sassauta jam'in salla don kare jikin mutum, wace gona ce ta fi salla?

Saboda haka tambayar da ta kamace mu ita ce: wa ya taɓa gaya wa yaron nan cewa gindin bishiya ya fi fili haɗari? Ni limaminsa ne, na yi huɗuba a kan abubuwa da yawa, ban taɓa faɗa ba. Bari in faɗa yau.

In ka ga walƙiya, ƙirga daƙiƙu har ka ji ƙarar. Kowace daƙiƙa 3 kusan kilomita 1 ce tsakaninku. Muddin dai kana jin ƙarar, tana iya kai maka. Ka shiga ginannen ɗaki ko mota mai rufi, rumfa da babur ba sa karewa. Ka jira minti 30 bayan ƙara ta ƙarshe kafin ka fito. In a daji ta rutsa da ku, ku nisanci bishiya tilo da tudu da ruwa, ku warwatsu, kada kuma ku kwanta, domin wutar tana bin ƙasa, shi ya sa take kashe shanu da yawa a lokaci guda. Wanda ta faɗa wa kuwa babu wuta a jikinsa, kada a ji tsoron taɓa shi. Sau da yawa zuciya ce take tsayawa, a danna ƙirji, a garzaya asibiti. Mai gona kuma, in hukumar NiMet ta yi gargaɗi ko ka ga gabas ta yi baƙi, ka sallami 'yan ƙwadago. Amanarsu tana wuyanka.

Shi kuwa dattijon, ce masa na yi, "Baba, ni da kai ba mu san gaibu ba. Abin da muka sani shi ne yaronka ya fita neman halal, yana taimakon mahaifinsa, a nan ajali ya same shi. Wannan shaidar za mu bayar, kuma muna kyautata zato ga Ubangijinsa." Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce in je in maimaita wa mahaifiyar yaron. Na je.

Wanda ya karanta ya isar wa na gona da na kiwo, yawancinsu ba sa Facebook.

Allah ya jiƙansa, ya ba iyayensa haƙuri, ya ba mu damina mai albarka, ya tsare harsunanmu daga mutuncin matattu. Wallahu a'alam.