Fatawa: Hukuncin Neman Waraka Daga Daɗaɗɗen Ciwon Baya Ta Hanyar Kwantar da Hankali da Motsa Jiki

TAMBAYA

Allah gafarta Malam, ni tela ne, ina zaune a Jakara, shagona yana bakin Kasuwar Kurmi. Shekara uku ke nan ina fama da ciwon baya. Na sha ƙwayoyi, wanzami ya yi mini ƙaho, na sha maganin basir da na sanyi, amma sai ya lafa ya dawo, har na koma yin salla a kan kujera. Daga baya na je asibiti aka yi mini hoto, likita ya ce babu karaya, babu wata cuta mai haɗari, ya tura ni wajen masu gashin ƙashi. A can aka ce mini tsoron motsi da yawan damuwa suna cikin abin da ya riƙe ciwon. Suka koya mini jan numfashi a natse, da lura da ciwon ba tare da firgita ba, da komawa tafiya da sunkuyo kaɗan-kaɗan. Alhamdu lillahi na samu sauƙi sosai. To amma abokaina na majalisa kowa da abin da yake faɗa. Wani ya ce daga masu bautar gumaka na Indiya aka ɗauko wannan hanya. Wani ya ce wanda damuwa ta kwantar, imaninsa ne ya yi rauni. Wani kuma ya ce sammu ne nake rufe ido a kai. Shin ya halatta in ci gaba? Mene ne hukuncin sallolin da na yi a kujera, yanzu kuma yaya zan yi? Allah ya ƙara wa Malam lafiya.

AMSA

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Ɗan'uwa, Allah ya cika maka lafiya, ya sa wahalar da ka sha ta zama kaffara.

A taƙaice, hanyar da ka siffanta halal ce, ka ci gaba da ita bisa sharuɗɗan da za su zo. Sallolinka na baya sun inganta. Daga yanzu kuwa wajibi ne ka koma wa duk rukunin da ka samu ikon yi.

Na farko: asalin neman magani

Neman magani sababi ne da shari'a ta yi izini da shi, kuma ba ya cin karo da tawakkali. Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira hadisin da ke tabbatar da cewa kowace cuta Allah ya yi mata magani. Ibnu Abi Zaid ya ware babi guda a ƙarshe-ƙarshen Risala, wadda ake karantawa a zaurukanmu, inda ya halatta shan magani da ƙaho da ruƙiyya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, duk da nauyin jama'a da ke kansa sai da ya yi wallafe-wallafe kan likitanci.

Likitanci ilimi ne da ake samu ta hanyar gwaji da lura, don haka ana karɓarsa daga duk wanda ya ƙware kuma aka amince da shi. Ranar hijira Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ɗauki Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ ɗan jagora alhali yana kan addinin Ƙuraishawa, saboda ya san hanya kuma yana da amana. Ma'aunin da za a duba shi ne wanda ya zo a hadisin Aufu ɗan Malik a cikin Muslim: da suka tambayi Annabi game da ruƙiyyar da suka gada tun Jahiliyya, sai ya nemi su bijiro masa da ita, ya halatta wadda babu shirka a cikinta. Bai yi watsi da ita don inda ta fito ba, abin da ke cikinta ya duba.

Na biyu: shin damuwa tana taɓa jiki?

Tana taɓawa, kuma Alƙur'ani ya nuna haka. A Suratu Yusuf, baƙin cikin rabuwa da ɗa ya sa idanun Annabi Yaƙub suka yi fari, ganinsa kuma ya dawo da aka zo masa da bushara. Nana A'isha takan sa a dama talbina, wani kunu mai ruwa-ruwa, don maras lafiya da wanda aka yi wa rasuwa, saboda ta ji daga Annabi cewa yana sanyaya zuciyar majinyaci, yana rage baƙin ciki. Malami Abu Zaid Albalkhi, wanda ya rasu a shekara ta 934 Miladiyya, ya wallafa littafi kan lafiyar jiki da ta rai a haɗe, yana nuna cewa ciwon ɗaya yakan jawo na ɗayan.

Wannan ya isa amsa ga mai cewa imaninka ya yi rauni. Wa ya kai Annabi Yaƙub imani a zamaninsa? Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu ma ana kiranta shekarar baƙin ciki a tarihin Manzon Allah. Damuwa jarrabawa ce irin ta zazzaɓi. Abin da aka hana shi ne fushi da hukuncin Allah da yanke ƙauna daga rahamarsa.

Binciken likitocin zamani ya ƙarfafa wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a 2020, kuma kusan kashi 90 cikin 100 ba a iya jingina ciwonsu ga wata takamaimiyar cuta. A 1994 an ɗauki hoton MRI na mutum 98 a Amurka waɗanda bayansu bai dame su ba, sai aka tarar fiye da rabinsu guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan bayansu ya turo. Ke nan abin da hoto ya nuna ba lallai shi ne ke sa ciwo ba. Bayanin masana shi ne, bayan rauni na farko ya warke, jijiyoyi da ƙwaƙwalwa sukan ci gaba da zama a tsorace, su riƙa ɗaukar motsi maras haɗari a matsayin haɗari. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ciwon da ake ji a wannan hali na gaske ne. Mai shi ba ƙarya yake ba, ba raki yake ba, ba kuma taɓin hankali gare shi ba.

Wani likita Ba'amurke, John Sarno, wanda ya rasu a 2017, shi ya yi fice wajen yaɗa wannan ra'ayi, sai dai yawancin likitoci ba su karɓi bayaninsa na cewa danne fushi ne tushen ciwon ba. Abin da ya fi ƙarfin hujja shi ne gwajin da aka yi a jihar Kolorado aka wallafa a 2021, kan mutum 151. Cikin waɗanda aka koya wa sauya yadda suke kallon ciwon na tsawon mako huɗu, kashi 66 cikin 100 sun warke ko sun kusa, alhali kashi 20 ne cikin waɗanda aka yi wa allurar ruwan gishiri, kashi 10 kuma cikin waɗanda suka ci gaba da jinyar da suka saba. A nan gida ma, masana gashin ƙashi sun yi gwaji a Tsakuwa ta Dawakin Kudu, suka ga haɗa wayar da kan majinyaci da atisaye ya fi ɗaukar ɗaya a bar ɗaya. A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ilimantarwa da motsa jiki da gyaran tunani ga daɗaɗɗen ciwon baya, ta kuma yi hani ga dogaro da ƙwayoyi masu ƙarfi dangin tiramol.

Na uku: sharuɗɗan halacci

Sharaɗi na ɗaya, ka ƙudurce cewa Allah ne mai warkarwa, natsuwa da motsi sababi ne kawai. Wasu littattafai da bidiyoyi suna cewa mutum shi ke warkar da kansa da ƙarfin zuciyarsa, ko da wani ɓoyayyen ƙarfi da ke yawo a sararin duniya. Wannan aƙida ɓatacciya ce, ka jefar da ita ka riƙe atisayen.

Na biyu, kada a samu ibadar wani addini a ciki. Abokinka mai zancen Indiya yana da ɗan ƙamshin gaskiya, domin wasu hanyoyin tattara hankali sun samo asali daga addinin Budda, yoga kuma daga na Hindu. Shi ya sa majalisar fatawa ta Malesiya ta hana yoga ga Musulmi a 2008, majalisar malaman Indunisiya kuma a 2009 ta haramta wadda ke ɗauke da wuridai da al'adun bauta, ta bar wadda motsa jiki ce zalla. Duk inda aka ce ka maimaita kalmomin da ba ka san ma'anarsu ba, ko ka rusuna wa rana ko wani hoto, ka tashi ka bar wurin. Jan numfashi a hankali, da miƙe gaɓoɓi, da tafiya, da gaya wa kanka gaskiyar da likita ya tabbatar cewa bayanka ba a karye yake ba, babu addinin da ya mallake su.

Na uku, kada ka mai da zikiri atisaye. Ka ambaci Allah don Allah, da lafazin da aka koyar, natsuwar da za ka samu kyauta ce a kai. Usman ɗan Abil Asi ya kai wa Annabi ƙarar ciwon da ya daɗe a jikinsa, sai ya umarce shi ya ɗora hannu a wurin, ya yi bisimilla sau uku, ya nemi tsarin Allah sau bakwai. Muslim ne ya ruwaito. Ka lizimci wannan tare da abin da aka koya maka a asibiti.

Na huɗu, likita ya fara dubawa. Kai ka cika wannan, amma ina faɗa don masu karantawa. Wanda ciwon bayansa ya zo da zazzaɓi, ko zufar dare da rama, ko raunin ƙafa, ko dindiris a tsakanin cinyoyi, ko kasa riƙe fitsari da bayan gida, ko ya biyo bayan faɗuwa ko haɗari, bai halatta ya zauna yana jan numfashi ba. Tarin fuka yakan ci ƙashin baya, ciwon ƙoda da daji da sikila sukan bayyana a baya. Irin wannan ya gaggauta zuwa Asibitin Ƙashi na Dala, ko na Murtala, ko na Malam Aminu Kano. Sakaci a nan jefa kai ne ga halaka. Kai ma kada ka zama mai gaya wa kowa cewa ciwonsa damuwa ce, domin ba kowa wannan hanya take yi wa aiki ba.

Batun sammu kuwa, sihiri akwai shi, amma ba ya tabbata da zato. Zargin maƙwabci ko abokin sana'a ba tare da hujja ba zunubi ne, kuma yana ƙara tsoron da ke ciyar da ciwon. Ka riƙe azkar na safe da yamma, ka nisanci boka.

Na huɗu: salla

Imrana ɗan Husaini yana fama da basir, ya tambayi Annabi, sai ya jera masa matakai: tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kishingiɗe. Malamanmu na Malikiyya sun bayyana cewa tsananin wahala, ko tsoron ƙaruwar ciwo, ko jinkirin warkewa, uzuri ne da ke halatta zama. Ka zauna ne a kan abin da ya rinjaya a zatonka a lokacin, don haka babu ramuwa a kanka.

Amma rangwame yana tafiya ne da dalilinsa, in dalili ya gushe shi ma ya gushe. Tsayuwa don kabbarar harama da Fatiha farilla ce ga mai iko, ciwo ɗan kaɗan da ake iya jurewa ba ya sauke ta. Ka tsaya, ka yi ruku'u gwargwadon iyawarka. In ka iya kai goshi ƙasa, ka kai. In ba ka iya ba tukuna, ka zauna ka yi nuni da sujada, ka sunkuya fiye da yadda ka yi a ruku'u. Kuskure ne mutum ya iso masallaci da ƙafarsa, ya iya tsayuwa, sannan ya yi sallar farilla gaba ɗaya a kujera don sujada kaɗai ta gagare shi. Ka fara gwada sujada a nafila a gida, inda babu sauri babu idon jama'a. Sannu ba ta hana zuwa. Ran da ciwon ya taso da ƙarfi, ka koma wa rangwamen ba tare da jin laifi ba, in ya lafa ka tashi.

Nasiha ta ƙarshe ta shafi sana'arka. Mun san halin teloli in Salla ta gabato: kwana a kan keke, ɗinki ya yi tuli, masu kaya suna sintiri. Kada ka karɓi aikin da ya fi ƙarfinka. Ka riƙa tashi daga kan keke kana takawa, ka ba jikinka haƙƙinsa na barci. Yin haka zai tsare ka daga saɓa alƙawari, ya kuma rage maka damuwar da ke komawa bayanka. Abokanka kuma ka gode musu da kulawa, ka tunatar da su cikin ladabi cewa haramta abin da Allah bai haramta ba abu ne mai nauyi, musamman in zai hana maras lafiya maganinsa.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Allah ne Mafi sani.