Katangata Ko Ganuwarmu?

Akwai wata tambaya da ya kamata mu ɗalibai mu yi wa kanmu, musamman mu da muka fito daga yankin Birchi, Kurfi da Dutsin-Ma. Shin mutumin da ya tsare gidansa shi kaɗai, ya bar na maƙwabcinsa a sake, ya sauke nauyin da ke kansa, ko kuwa da sauran magana? Ba za ta amsu ba sai mun waiwayi yadda kakanninmu suka tsare kansu.

A zamanin da, tsaro na gari ne gaba ɗaya. Bayan da masu jihadi suka ci Katsina a 1807, Haɓen da suka kafa Maraɗi sun daɗe suna kawo hari ƙasar nan. Saboda haka garin da ya isa yakan kewaye kansa da ganuwa da gwalalo, wanda bai kai nan ba kuwa ya yi kafi na itace da ƙaya. Sunayen garuruwa irin su Kafin Soli suna tuna mana da wannan. In rana ta faɗi a rufe ƙofa, attajiri da almajiri su kwana a bayan ƙyaure ɗaya. A cikin gari, abin da ya raba gida da gida sau da yawa bai wuce darni ko zana ba. Zaure shi ne mai gadi: baƙo ba ya wuce shi sai da sallama, dattawan da ke zaune ciki kuma sun san fuskar kowa.

Da Turawa suka ci ƙasar a 1903, hare-hare suka lafa, ganuwa ta zama wurin ɗibar ƙasar gini. Daga nan tsaro ya yi ta tsukewa, ya bar gari ya koma gida. Sakata ta samu kishiya, watau kwaɗo da kuba. Bayan yaƙin basasa fashi da makami ya yawaita, sai ga katangar bulo da fasassun kwalabe a kanta, da waya mai ƙaya, da get na ƙarfe. Farin 1973 ya koro Buzaye da yawa zuwa biranenmu, masu hali suka ɗauke su gadi. Yau har da kyamarar da maigida zai ga ƙofar gidansa a wayarsa yana Abuja. Lura da bambancin, ya kai mai karatu: ganuwa aikin gari ce, amma kowane ɗaya daga waɗannan sai mai kuɗi.

To, ina laifin mai katanga? Wani zai ce babu, don kare rai da dukiya wajibi ne, addini ma ya hore mu da yin sababi kafin tawakkali. Wannan gaskiya ne. Amma kwaɗo ba ya rage yawan ɓarayi, sai dai ya nuna wa ɓarawo ƙofa ta gaba. Duk tubalin da attajiri ya ƙara wa katangarsa, wani abu na haɗarin ya gangara gidan mai darni. Bai yi sata ba, bai yi zalunci ba, amma barcinsa mai daɗi akwai bashin maƙwabci a cikinsa.

Abin da ya same mu a shekarun nan ya nuna cewa ko shi mai katangar bai tsira ba. 'Yan bindigar da ke fitowa daga dajin Rugu a kan babura ba su san kwaɗo ba. Doguwar katanga ma ta zama alama mai cewa ga inda kuɗin fansa yake. A watan Disamba na 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Kurfi da Dutsin-Ma, wayar da mutum zai kira agaji da ita ta koma hoto. Mai hali ya kwashe iyalinsa zuwa birni, talaka ya zauna da gonar da yake tsoron zuwa.

Ke nan sai mu koma tsaron gayya? I, amma da hattara, don ita ma ganuwa tana da waɗanda ta bari a waje. Da jama'a suka kafa 'yan sa-kai, a wurare da dama an kashe mutane ba tare da shari'a ba, musamman makiyaya, ramuwar gayya kuma ta ƙara wa wutar mai. Wani masanin Ingila, Thomas Hobbes, ya yi bayani a 1651 cewa dalilin da ya sa mutane ke miƙa wuya ga hukuma shi ne ta kare su daga juna. In hukuma ta gaza, kowa ya zama alƙalin kansa, wannan kuwa ba tsaro ba ne. Kafa rundunar tsaron al'umma da gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta yi a watan Oktoba na 2023 yunƙuri ne na mai da gayyar ƙarƙashin doka, za a kuma auna ta da adalcinta kamar yadda za a auna ta da jarumtarta.

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A ganina wannan rabin hikima ce, don ruwan ya fi amfani in an kai shi inda wutar take. Gina katangarka, amma ka juya fitilarka ta haska titi. Mai gadinka ya zama na unguwa. In an yi kururuwa ka amsa. Kada ka sayi saniyar da arharta ta ba ka mamaki, kada ka rufa wa mai kai rahoto daji asiri don ɗanka ne, wanda aka kama kuma a kai shi gaban alƙali ko da zuciya na tafasa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bangon da ya fara tsagewa a wurinmu kuwa shi ne na maƙwabtaka.

Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya sa mu zama ganuwar juna, amin.