Ƙofa a Buɗe Ba Izini Ba Ce

Kalmar Ingilishi trespass ta samo asali daga tsohon Faransanci, inda take nufin ƙetarewa. A Faransancin yau trépasser mutuwa ce. A Ingilishi kuwa, shiga gidan wani ba izini, ko aikata zunubi. Bahaushe ya haɗa biyun nan na ƙarshe a "ƙetare iyaka".

A Kalley, tsohuwar unguwar tsakiyar Yamai, ƙofa takan wuni a buɗe, amma baƙo yakan tsaya ya yi sallama, kamar yadda aya ta 27 ta Suratun Nur ta umarta. Ashe kunya ke tsare gida, ba katanga ba. Wanda ya kutsa, ko bai ɗauki allura ba, ya raba masu gida da sirrinsu, abin da ba a iya mayarwa.