Ɗana Maniyyaci, Kada Ka Ɓoye Ciwonka a Makka

Ɗana, na ji labarin kujerarka ta fito, har an fara kiranku bita. Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya, ya sa karɓaɓɓiya ce. A wajen bita malamai za su koya maka ɗaura harami da niyya da ɗawafi da abubuwan da ke ɓata hajji, kuma sun fi ni sanin wannan fage. Ni maganata a kan jiki take, jikin da zai zagaya da kai Ka'aba, ya yi safa da marwa, ya kwana a Mina, ya tsaya a Arfa. Makka gari ne mai asibitoci da likitoci, kuma saboda irinka aka tanade su. Sai dai likita ba ya duba, bai san kana ciwo ba sai ka faɗa masa. A ganina ɓoyo da jinkiri sun fi komai cutar da alhazanmu a can.

Ɓoyon kuwa tun daga gida yake farawa. Ranar gwajin lafiya sai ka ga mai hawan jini ya haɗiyi ƙwaya biyu da asuba don awo ya sauka, mai ciwon suga ya rantse lafiyarsa ƙalau, mai juna biyu ta nemi wata ta ba ta fitsari. Kowa tsoronsa kada a ce ya haƙura sai baɗi, bayan ya sayar da gona ko ya shekara goma yana tari. Na fahimci wannan tsoro. Amma ka sani hawan jini da suga da aka kiyaye su da magani ba sa hana mutum tafiya. Waɗanda ma'aikatar lafiya ta Saudiyya ke cewa su dakata su ne masu ciwo mai nauyi, irin wanda ƙodarsa ta gaza har ake masa wankin ƙoda, ko zuciyarsa ta yi raunin da ɗan motsi ke sa shi haki, ko tsohon da ya ruɗe bai san inda yake ba, ko mace mai tsohon ciki. Idan ka faɗi gaskiya za a rubuta a takardarka, likitocin tawaga su san da kai. Idan ka ɓoye, ranar da ka faɗi a hanyar Jamrat za a ɗauko ka ba ka magana, kuma babu wanda ya san abin da ke jikinka.

Haka batun katin rigakafi. Akwai masu sayen katin da hatiminsa ba tare da allura ta taɓa su ba, suna ganin sun yi wayo. Allurar sanƙarau da ake tilasta wa alhazai tana da tarihi. Cutar ta ɓarke a hajjin 1987, ta sake ɓarkewa a 2000 da 2001 da wani nau'i da ake kira W135, alhazai suka kwashe ta zuwa ƙasashensu, kuma a 2002 wannan nau'in ya yi ɓarna sosai a Burkina Faso. Shi ya sa yanzu allurar da ake nema mai kare nau'i huɗu ce, kuma sai an yi ta aƙalla kwana goma kafin shiga ƙasar, don jiki ya samu lokacin karɓarta. Mu 'yan Arewa ba sai an ba mu labarin sanƙarau ba. Annobar 1996 ta kashe mana mutum fiye da dubu goma, ta kuma sa Saudiyya ta rufe wa maniyyatan Najeriya ƙofa a hajjin shekarar. Ka miƙa hannu a yi maka ta sanƙarau da ta shawara, in an ɗiga maka ta shan inna a filin jirgi ka haɗiye, ko da gemunka ya yi fari.

Kakanninmu da suka tafi a ƙasa, ta Chadi da Sudan har Sawakin a bakin Bahar Maliya, sun san killace alhazai kafin a bar su su tsallaka, domin kwalara ta daɗe tana bin ayarin hajji. Ta 1865 kaɗai dubbai ta kashe a Makka. A 1925 Sarki Abdul'aziz ya kafa hukumar lafiya a garin. Abin da za ka tarar yau, su ko a mafarki ba su gan shi ba.

Ƙofar farko ta neman magani a can ta mutanen gida ce. Hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, wadda aka kafa a 2006, tana tafiya da tawagar likitoci da nas-nas da masu ba da magani, suna buɗe ƙananan asibitoci kusa da masaukan alhazai. Mutanen Nijar ma hukumarsu ta COHO tana kai nata ma'aikatan lafiya. Amfanin wannan ƙofa shi ne za ka yi bayani da Hausa a gane ka, in abin ya fi ƙarfinsu su rubuta takarda su tura ka gaba. Ranar da kuka sauka, ko Misfala aka ajiye ku ko wata unguwa, kafin ka tambayi hanyar kasuwa ko inda ake sayar da tuwo a Shara Mansur, ka tambayi inda asibitin tawaga yake, ka taka ka gan shi da idonka.

A cikin Harami kansa akwai wuraren ba da agajin gaggawa, za ka kuma riƙa ganin ma'aikatan Hilal Ahmar, masu alamar jan jinjirin wata, suna zagayawa da jakunkunansu. Dab da masallacin akwai asibitin gaggawa na Ajyad. Cikin gari kuma akwai manya: asibitin ƙwararru na An-Nur, asibitin Sarki Abdul'aziz da ke Zahir, na Sarki Faisal da ke Shisha, na Hira, da asibitin mata da yara. Sama da su duka akwai Birnin Lafiya na Sarki Abdullah, inda ake kai masu ciwon zuciya da sauran manyan larurori. A waɗannan asibitoci na gwamnati ana yi wa alhazai wankin ƙoda, ana buɗe jijiyar zuciya da ta toshe, har tiyatar zuciya ana yi, kuma a lokacin hajji ba a karɓar ko riyal ɗaya daga alhaji. Aikin da a gida sai dangi sun haɗa kuɗi ko an yi shela a masallaci, can kyauta ne. Asibitocin kuɗi su ma suna nan, kuma suna da tsada, don haka ka tambaya kafin mai tasi ya sauke ka a ƙofar wani. Mai zuwa umara kuwa, akwai inshorar lafiya ta gaggawa a cikin kuɗin bizarsa, ya karanta takardar ya san abin da ta ɗauke masa. Ka sa lambobi uku a wayarka: 997 ta motar asibiti, 911 ta kowace irin gaggawa, da 937 ta ma'aikatar lafiya don neman shawarar likita.

To me ke hana mutum zuwa, tunda ga wuri ga kyauta? Na san amsar, domin na sha jin ta a bakin dattawa: “In na je za su kwantar da ni, in rasa Arfa.” Wannan magana ta cinye mutane. Ka saurara da kyau. Mina tana da asibitocinta, akwai na gaggawa, akwai Al-Wadi, akwai Al-Jisr. Arfa ma haka, akwai babban asibitin Arfa, da na Jabalur Rahma, da na Namira, ban da ƙananan cibiyoyi da ke warwatse tsakanin tantuna. Su kuma marasa lafiyar da ke kwance a asibitocin gari, duk shekara ranar tara ga Zulhajji ana jera motocin asibiti a ɗauki waɗanda jikinsu zai iya, da likita da nas da ƙarin ruwansu, a kai su cikin iyakar Arfa don tsayuwarsu ta inganta. Wanda ya kai kansa asibiti da wuri, sau da yawa a kwana biyu ya miƙe ya koma cikin jama'a. Wanda ya daure har jiki ya ƙi, shi ne ke rasa Arfar da yake gudun rasawa. Sauran ayyuka kuma shari'a ta yi sauƙi a cikinsu. Ana ɗawafi da sa'ayi a keken guragu, mara lafiya yana wakilta wani ya yi masa jifa, sai ka tambayi malamin tawagarku abin da ya hau kanka in ka yi hakan.

Babban abokin gabarka a can zafi ne. Kada ka ce ai kai ɗan Sakkwato ne ko ɗan Maraɗi, ka saba da rana. A gida in rana ta take kana ƙarƙashin darbejiya, can kuwa kana kan kwalta, ba hula, cikin mutum kusan miliyan biyu. A hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Harami, kuma ministan lafiya na Saudiyya, Fahad Al-Jalajil, ya sanar da rasuwar mutum 1,301. Kashi 83 cikin ɗari nasu ba su da izinin hajji. Ba su da tanti mai sanyi, ba su da motar da za ta ɗauke su, suka yi ta tafiya a ƙasa cikin rana. Duk wanda ya zo maka da dabarar shiga hajji ta bayan gida, ka tuna masa da wannan lissafi. Kai kuma mai izini, ka riƙe lema, ka zauna a tantinka tsakanin hantsi da la'asar. Hawa dutsen Jabalur Rahma da tsakar rana ba ya cikin wajiban hajji, ko'ina ka tsaya a Arfa ya yi. Ka sha ruwa tun kafin ƙishi ya zo. Na san abin da ke hana tsofaffi sha, layin ban ɗaki ne a Mina, sai mutum ya yini da kurɓi biyu don kada fitsari ya matsa masa. Gara ka bi layin sau biyar. In ka ga ɗan'uwanka ya fara surutai marasa kan gado, ko yana tangaɗi, jikinsa ya ɗau zafi rau, kada ku tsaya cewa aljanu ne ko gajiya. Ku ja shi inuwa, ku kwara masa ruwa a jiki, ku yi masa fifita, wani ya kira mota nan take. Mintoci ne tsakaninsa da lahira.

Magungunanka na kullum ka tafi da wanda zai ishe ka har dawowa da ɗan ƙari, a cikin kwalinsu na asali, tare da takardar likita, kuma a jakar hannu. Mai allurar insulin ya kiyaye ta daga zafi. Kada ka karɓi saƙon magani ko ƙullin kowa a filin jirgi, ko ɗan'uwanka ne, domin irin su tramadol can laifi ne babba, goro ma an hana shiga da shi. Zamzam ruwa ne mai albarka, ka sha ka ƙoshi ka yi addu'a. Amma kada ka ajiye ƙwayar hawan jininka ka ce Zamzam ta isar maka. Ka haɗiye ta da Zamzam ɗin.

Mai ciwon suga ya kula da ƙafarsa fiye da guzurinsa. Takalmi kan ɓace a ƙofar masallaci, mutum ya tako dutse mai zafi ba takalmi, ƙafar da ba ta ji sosai ta ƙone bai sani ba, kuma daga irin wannan gyambo ake kaiwa ga yankewa. Ka sa takalminka a 'yar jaka ka rataya, ka duba tafin ƙafarka kowane dare, ka ajiye dabino a jikinka saboda faɗuwar suga a tsakiyar ɗawafi. Tari da mura kuwa kusan kowa sai ya yi, ka sa takunkumi a cikin cunkoso. In tarin ya zo da zazzaɓi da sarƙewar numfashi, ya wuce na kemis, kuma ka sani kemis ɗin can ba ya sayar da maganin kashe ƙwayoyin cuta sai da takardar likita. Ka bar nonon raƙumi ɗanye da ake tallarsa a bayan gari, tun 2012 aka gano cutar numfashi ta MERS a ƙasar, kuma tana da alaƙa da raƙuma. Ranar aski ka je wajen wanzamai masu lasisi, ka ga an ɓare sabuwar reza a gabanka. Reza ɗaya a kan kawuna goma hanyar ciwon hanta ce.

Akwai wata magana da ba a cika faɗinta a fili ba. Wasu tsofaffinmu suna tafiya da burin kada su dawo, a sallace su a Harami a kai su maƙabartar Shara'i. Wanda ajalinsa ya riske shi can, muna yi masa kyakkyawan zato, Allah ya jiƙansa. Amma ƙin shan magani da ƙin zuwa asibiti don mutuwa ta same ka a Makka, ban taɓa jin malamin da ya kira shi ibada ba. Rai amana ne, kuma lafiya tana cikin ikon da aka sharɗanta wa mai zuwa hajji. In kana tare da mahaifi ko mahaifiya mai irin wannan tunani, ka lallashe su da ladabi, ka riƙe maganinsu a hannunka, kai ne za ka riƙa ba su a kan lokaci.

A ɗakinku ma za a haɗa ka da dattijon da bai taɓa fita daga ƙaramar hukumarsu ba, ba Larabci ba Turanci. In ya kwana biyu ba ya cin abinci, ko ka ga ya daina fita salla, kada ka tsallake shi ka tafi neman ladan Harami. Ka kama hannunsa ku je asibitin tawaga, in an tura shi gaba ka bi shi, ka sanar da jami'in alhazan jiharku asibitin da aka kwantar da shi. Ka tabbata katinsa na Nusuk yana wuyansa, awarwaronsa yana hannunsa, kai ma haka, ko wanka za ka shiga, domin da su ake gane mutum in ya kasa faɗin sunansa.

In Allah ya dawo da kai gida, 'yan taryar alhaji za su cika zaure, kowa na son musafaha da tsaraba. Ka lura da jikinka mako biyu. Idan zazzaɓi ko tari mai tsanani ko sanƙarewar wuya ya taso, ka rage cuɗanya da jikoki, ka je asibiti, kuma abin da za ka fara gaya wa likita shi ne daga Saudiyya ka dawo, ga ranar da ka sauka.