Dajin Kamuku na jiran 'ya'yanku

Manoman Birnin Gwari, makiyaya, masu haƙar zinariya, direbobin hanyar Kaduna da ta Funtuwa, iyayenmu mata masu daddawa da man kaɗe, sannunku da aiki, sannunku da juriya. Kun ga shekarun da gona ta gagari mai ita, kasuwa ta mutu, hanya ta zama abin fargaba, amma ba ku ajiye fartanya ba. A watan Nuwamban 2024 aka sake buɗe kasuwar shanu bayan ta daɗe a rufe, kuka fito kamar ba a taɓa yi ba. Mutanen da suka jure wannan za su iya wani babban aikin: ku fitar mana da masana kimiyyar muhalli daga cikin gidajenku, su je har ƙetare neman ilimi, su dawo su riƙe dajin Kamuku.

Ku dubi abin da Allah ya ba ku. Tun 1936 aka keɓe dajin Kamuku, a 1999 ya zama gandun daji na ƙasa, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100, ya kuma haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara. Da giwa da gwanki aka san shi, da doka da maje da kirya da kaɗanya. Saiwoyin waɗannan itatuwa ne ke riƙe ƙasa, su tare ruwan damina ya nutse, rijiya ta kai rani, fadama ta yi shinkafa. In aka sare su don gawayi, ruwa ya kwashe saman gona ya bar tsakuwa, a ƙara taki amfani ya ƙi ƙaruwa. To wa zai auna abin da ya rage a dajin nan? Wa zai gwada ruwan kogin Mariga ya ce ga abin da ke cikinsa? Har yaushe za mu jira baƙo ya zo ya gaya mana lafiyar ƙasarmu?

Masu haƙa, wannan magana taku ce. A 2010 gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana daka duwatsun zinariya a cikin gida, ƙura ta shiga abinci da hannun yara. A 2015 ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, nan maƙwabtanku, yara 28 suka rasu. Ba zinariya ce da laifi ba, rashin wanda zai gwada dutsen ne, ya ce a jiƙa shi kafin a niƙa, a yi aikin nesa da gida, a sauya tufa kafin a ɗauki yaro. Wannan ilimi ana koyon sa, kuma ɗan mai haƙa ya fi kowa cancantar ya koye shi.

Kada wani ya ce muku karatun waje na 'ya'yan manya ne. Wangari Maathai 'yar manoma ce daga ƙauyen Kenya. Ta tafi Amurka karatu a 1960, ta dawo gida, a 1977 ta fara jagorantar matan karkara wajen dashen itatuwa, har ta karɓi lambar Nobel ta zaman lafiya a 2004. Ku kuma dubi 'yan uwanmu na Maraɗi. Daga shekarun 1980 suka rungumi sassaben zamani: maimakon a ƙone kututture, sai a bar masa tsiro mafi ƙarfi, a gyara shi ya zama itace. Da hannun manoma aka farfaɗo da hekta kusan miliyan 5 a Nijar, yau masana na duniya wajensu suke zuwa koyo. Yaron da ya tashi yana bambance laka da jigawa, ya san lokacin da gawo ke zubar da ganye, ya riga ya riƙe rabin karatun. Abin da zai ƙaro a waje shi ne ɗakin gwaji, da karanta hotunan tauraron ɗan Adam, da iya rubutun da hukuma za ta saurara.

Hanyar a sarari take. Yaro ya dage da Turanci da lissafi da kimiyya tun daga sakandare. Ya nemi Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko Jami'ar Jihar Kaduna, ko kwalejin gandun daji ta Afaka. Yawancin tallafin ƙetare na digiri na biyu ne, don haka sakamako mai kyau a gida shi ne mabuɗi. Akwai Chevening da Commonwealth na Birtaniya, akwai DAAD na Jamus, akwai cibiyar ruwa da makamashi ta Jami'ar Tarayyar Afirka a Tilimsan ta Aljeriya. Ta intanet ake nema, kuma duk dillalin da ya ce a ba shi kuɗi zai sayo gurbi, ku guje shi. In an ƙi yaro bana, ya gyara takardunsa ya sake nema baɗi.

Ku kuma samari da 'yan mata, in Allah ya kai ku, kada ku ji kunyar cewa daga Birnin Gwari kuke. Ku sa dajinku ya zama abin bincikenku, ku dawo da abin da kuka samo, ku faɗe shi da Hausa a kasuwa da masallaci da bakin rami.

Iyaye, aikin daga kakar bana zai fara. In an auna masara, a ware buhun makaranta kafin na biki. Kada a cire yarinya daga aji, kada a bar yaro ya ƙare a rami. Ƙungiyar manoma, ta direbobi, ta 'yan kasuwa, kowacce ta ɗauki ɗalibi ɗaya ta tsaya masa har ya gama. Ku tashi, ku haɗa hannu. Allah ya yi wa guminku albarka.