GARIN DA BA ALƘALI

In gari ba sarki, ba alƙali, wa za shi raba gaskiya da ƙarya?

Akwai wani wasan talabijin na Amurka mai suna Deadwood, an nuna shi daga 2004 zuwa 2006. Labarin wani zango ne na masu haƙar zinariya a shekara ta 1876. Wanda ya je Jado neman zinariya ya san irin wannan zango. Ƙasar ta mutanen Lakota ce. Gwamnati ta sa hannu a takarda a 1868 cewa tasu ce, amma da aka ga zinariya sai Turawa suka kwararo. Garin duka bisa ƙwace aka kafa shi.

Ran nan wani Jack McCall ya harbe Bill Hickok ta baya, yana cikin caca. Aka tara mutane, aka yi shari'a. An yi rantsuwa, an yi magana mai daɗi, kana aka saki mai kisa. A cikin wasan, mai gidan giya, Al Swearengen, shi ya so haka, don kar gwamnati ta juyo da idonta bisa garin.

Wannan Al bakinshi ashar ne tun safe har dare. Ga kuma mai wa'azin Kirista, Smith, wanda ya ce ma jama'a wajen jana'iza su jiki guda ne, hannu ba ya ƙin ƙafa. Ciwo ya kama kan Smith, yana faɗuwa, maganarshi ta rikice. Masu bakin kirki suka kauda kai. Likita ya durƙusa yana roƙon Allah ya ɗauke shi ya huta. Al ne ya shiga ɗaki, ya rungume shi, ya toshe mishi numfashi.

Tausayi ne ko kisa? Ni dai kisa na ce, don rai ba na Al ba ne. Amma ban iya cewa ya fi waɗanda suka saki McCall laifi ba. Su da rantsuwa a baki suka yi nasu.

A zahiri an sake kama McCall, aka rataye shi a garin Yankton a 1877. Alƙalai sun ce shari'ar farko ba ta ci ba, tun da a ƙasar Lakota aka yi ta. Ƙasar kuwa ba a maida ba. A 1980 babbar kotu ta ce a biya Lakota diyya. Suka ƙi karɓar kuɗin.